Armiya'u Mai Rediyo da Kwamfutar da Ta Ƙi Akwatinta

A Badarawa aka haifi Armiya'u, a gidan da ake auna mutum da faɗin gonar da zai iya nomewa kafin rana ta take. Da wannan ma'auni bai taɓa cika mudu ba. Tun yana ƙarami aka lura hannunsa ya fi sabawa da bayan rediyon mahaifinsa a kan ƙotar hauya. Rediyon ta sha mutuwa a hannunsa, wani lokacin kuma ta tashi. Mahaifin ya duba wannan sakamako ya ga bai yi muni ba ga mai koyo, sai ya sa shi a mota zuwa Ƙauran Namoda, wurin Sirajo mai gyaran rediyo, wanda rumfarsa ke fuskantar tashar jirgin ƙasa.

Sirajo ba mai yawan magana ba ne. Darasinsa ɗaya ne, amma ya koyar da shi har ya zauna. A kan teburinsa akwai murfin kwanon sha. Duk notin da aka kwance cikin murfin nan yake sauka, kuma ba a miƙa wa mutum kayansa sai an ɗaga murfin an nuna masa babu komai a ciki. Dalili kuwa, mutanen Ƙaura sun daɗe da yanke hukunci cewa mai gyara ba ya buɗe rediyo ya rufe bai ɗauke wani abu ba, kamar yadda mahauci ba ya fiɗa ya tashi hannu rabbana. Noti ɗaya da ya saura a murfi shaida ce cewa dā akwai abin da yake riƙe da shi, abin kuwa yanzu yana aljihun mai gyara. Saboda haka a rumfar Sirajo noti ba ya saura. Idan ya rasa raminsa, a nema masa wani.

Armiya'u ya fita da wannan tarbiyya ya buɗe tasa rumfar. Ya auri Saude, 'yar Birnin Tsaba, ya ƙara da gyaran talabijin da bidiyo. Da aka ba Zamfara jiha, shi ma ya ji a jikinsa. Ma'aikata suka dawo gida daga Sakkwato da kayan kallonsu, gidajen kallo suka yawaita a Ƙaura, bidiyon da ke aiki ba hutu kuwa ba ta rabuwa da ciwo. Armiya'u ya sayi babur, ya ajiye ɗan tumbi daidai da matsayinsa.

Sai aka ƙaddamar da shari'a. Yana cikin waɗanda suka tafi Gusau a bayan a-kori-kura, ya yi kabbara har muryarsa ta dushe, kuma har yau bai ce ya yi nadama ba. Sai da ya dawo ya huta ne ya zauna ya tuna su wane ne masu kawo masa aiki. Aka rufe gidajen kallo. Masu su suka koma sayar da shayi da kaset ɗin wa'azi, sana'o'in da ba su cika neman mai gyara ba. A daidai lokacin kuma ƙananan rediyoyi masu arha suka cika kasuwa, irin waɗanda in sun lalace ba a kai su ko'ina, sai dai a jefar a sayi wata. Tumbin ya koma inda ya fito. Babur ɗin ya bi shi.

Yana da wa, Usmanu, dillalin shanu, wanda ke lodi a kasuwar Shinkafi ya biyo da babbar mota ta Ƙaura kan hanyarsa ta kudu. Tun rasuwar mahaifinsu gonar gida take hannun Usmanu, shi kuwa ba mazauni ba ne. Wata rana ya leƙo rumfar, ya tarar da ƙanensa ya duƙufa a kan tocila.

"Auta, wanga shi ne aikin?"

"Shi ne, Yaya."

"Tocila. Baba ya kawo ka birni don ka zama likitan tocila. Ga gona can ciyawa na cin ta, kai kana nan kana lasar batir."

"Kasuwa ce, Yaya. Juyawa take."

"Ta juya ta ba ka baya. Ka ji ni da kyau. In ruwan fari ya sauka ban ga abin da ka riƙe ba, da kai da Saude da tabarminku zan ɗora bisa mota. Ba shawara nika yi da kai ba."

A gidansu ba a ɗaukaka ƙara a kan maganar wa. Armiya'u ya ce to.

Abin da ya riƙe a lokacin, idan za a kira shi abin riƙo, shi ne Hajiya Rekiya. Tsohuwar shugabar makaranta ce a Zurmi, wadda ta yi ritaya ta dawo Ƙaura ta buɗe shagon buga takardu kusa da kasuwa. Kwamfuta ɗaya gare ta, kuma ita da kanta take bugawa, da yatsa biyu, kamar mai nuna ɗalibin da ya yi surutu. Katin ɗaurin aure, katin suna, takardar neman aiki, duk daga hannunta suke fita. Ranar da allon kwamfutar ya yi baƙi aka kira Armiya'u, ya buɗe ya ga ashe talabijin ce da ba ta kama tasha, ya gyara. Bayan nan ya canza mata fanka. Daga nan Hajiya ta fara kiransa duk lokacin da injin ya yi tari, shi kuma ya fara zuwa Gusau yana tsayawa a bayan masu gyaran kwamfuta, yana kallo da fuskar wanda ya zo jiran wani.

Da zaɓe ya ƙarato, aiki ya canza. Kowane ɗan takarar kansila yana son fosta mai ɗauke da fuskarsa, kwamfutar Hajiya kuwa ba a yi ta don fuska ba. Idan aka ba ta hoto bayan azahar, takan fara daga hula, ta sauko a hankali, ta isa haɓa wajen la'asar.

"Kafin ta gama nuna min mutum an rantsar da abokin hamayyarsa," in ji Hajiya. "Kaduna zan aika da ita."

"Hajiya, ba sai ta yi tafiya ba," in ji Armiya'u. "Cikinta za a sauya. A cire babban fanel, wato faifan da komai ke hawa kansa, a sa sabo da sabuwar ƙwaƙwalwa. Akwatin ne kawai zai zama na dā. Na ga ana yi."

"Ka ga ana yi, ko ka yi?"

"Na ga ana yi kusa-kusa."

Hajiya ta zame tabarau ta dube shi. "Malam Armiya'u, na tsufa a aji. Na san fuskar yaron da ya san amsa, na san ta wanda ya ɗaga hannu don a gan shi. Taka tana tsakiya. Je ka sayo."

Ya tafi Kano ya dawo da kwali a ƙirjinsa, bai yarda an sa shi a but ɗin mota ba. Ya share teburin Hajiya, ya ajiye murfin kwanonsa, ya buɗe akwatin kwamfutar. A lungu ya tarar zanzaro ya gina gida har da ɗakin baƙi. Wannan ya sa ya yanke shawarar ba zai sauke sabon kaya a ƙazamin masauki ba. Ya kwance komai, har da 'yan ƙafafun tagulla da ke ɗaure a ƙasan akwatin, waɗanda fanel ke zama a kansu don kada bayansa ya taɓa ƙarfe. Ya goge akwatin da fetur da buroshi har ya yi ƙyalli. Sannan ya mayar da kowace ƙafa ramin da ya ciro ta, bai bar ko ɗaya ba, ya ɗora sabon fanel, ya bi ramukansa yana ɗaure noti.

Da ya gama, noti ɗaya ya saura a murfi.

Ya dube shi, notin ya dube shi. Ya sake bin fanel ɗin, kowane rami da notinsa. Wani mai gyaran da bai samu tarbiyya ba da ya tsaya ya tambayi kansa dalili. Armiya'u ɗan rumfar Sirajo ne. Ya juya akwatin, ya samu wani rami a baya wanda ba ya riƙe komai, ya ba notin aiki a can. Murfi ya koma fayau, ya ɗaga ya nuna wa Hajiya, ya nuna wa jama'ar da suka taru a bakin ƙofa, har da wani ɗan takara mai suna Isah da ya zo da hotonsa a ambulan.

Ya yi bisimilla ya danna.

Fanka ta yi rabin juyi ta tsaya, kamar wadda ta tuna wani abu. Allo bai ce komai ba. Ya sake dannawa, ta sake yin rabin juyin.

"Gaisuwa take yi?" in ji Isah.

"Wutar ce ba ta da ƙarfi," in ji Armiya'u.

Aka tayar da janareta. Wutar ta yi ƙarfi, kwamfutar ta ci gaba da ra'ayinta.

A kwanakin da suka biyo baya ya yi duk abin da ake yi, kuma a bisa tsari. Ya canza wayar wuta. Ya zare ram, wato 'yan siraran faifan da ke taya ƙwaƙwalwa aiki, ya goge haƙoransu da magogin fensir da Hajiya ta ara masa, ya mayar, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya. Ya cire ɗan batir mai kama da kwabo ya bar fanel ya manta duk abin da ya sani, ya mayar. Ya tsinke duk abin da ba dole ba, har faifan ajiya, ya bar ta da abin da za ta iya numfashi da shi kawai. Ya je Gusau ya aro wani akwatin rarraba wuta, ya ɗaura. Rabin juyi. Ya ɗaga ƙwaƙwalwar ya duba ƙafafunta a hasken rana, ko ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

Gari bai bar shi shi kaɗai ba. Mai shayi ya ce a shanya ta, sanyin Kano ne. Wani direba ya ce duk injin da ya ƙi tashi turi yake so. Wani dattijo ya yi mata tofi ta ramin fanka, ya ce a jira. Isah ya jira iya jiransa, sannan ya ɗauki fuskarsa ya kai Gusau. A kasuwa magana ta daidaita a kan jimla ɗaya: Armiya'u ya yanka kwamfutar Hajiya. Masu kawo tocila ma suka fara tunani.

Hukuncin Hajiya Rekiya kuwa ya fi zagi ciwo. Ta sa aka sauko da tsohuwar tafiretarta daga kan kabad, ta zauna a gefensa tana buga katin suna. Kowane harafi ta buga sai ya ji shi a ƙeyarsa. A gida kuma ya lura Saude ta fara wanke buhuna tana ninkewa, kamar mai shirin ɗaure kaya.

Hadari ya haɗu a gabas, ya watse, ya sake haɗuwa. Ran nan da hantsi ya zuba. Ƙasa ba ta gama shanye ruwan ba motar Usmanu ta tsaya a bakin kasuwa, ta dawo daga kudu babu kaya, an share bayanta an shimfiɗa tabarma. Ya tambayi inda ƙanensa yake, mutane da yawa suka yi masa rakiya.

"Salamu alaikum. Hajiya, a gafarce mu, na zo ɗaukar mai laifi."

"Yaya, ka ba ni zuwa la'asar," in ji Armiya'u. "In mayar mata da tsohon fanel, in bar mata kayanta yadda na same su. Ba na barin gari da kayan mutane a buɗe."

"Wagga magana ta yi. Mayar." Usmanu ya jawo benci ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa. "In ga gawar ma da idona."

Armiya'u ya kwance notocin, ya ɗago sabon fanel da wayoyinsa a jiki, ya kwantar da shi a kan teburin katako. Niyyarsa ya mayar da shi Kano, kuma ya san mai shagon zai tambaye shi wane sashe ne ya mutu. Sai ya jawo mitarsa don ya auna inda wuta ke tsayawa. Awo kuwa ba ya yiwuwa sai an kunna. Duk rediyon da ya taɓa gyarawa a waje yake gwada ta kafin ya mayar da ita gidanta, amma bai taɓa yi wa kwamfutar haka ba, don a ganinsa babbar baƙuwa ce, ba a tsayar da ita a tsakar gida ba mayafi. Yanzu da ta zama gawa, kunya ta ƙare. Ya danna.

Fanka ta juya. Ta ci gaba da juyawa. Wani abu ya ce tit, sau ɗaya, farin rubutu ya fara gudu a kan allo.

Tafiretar Hajiya ta yi shiru. Armiya'u ya tsaya da mita a hannu, bakinsa a buɗe.

"Ta tashi!" in ji wani daga ƙofa. "Wallahi ta tashi!"

Ya kashe, ya mayar da fanel cikin akwati, ya ɗaure, ya danna. Rabin juyi. Ya fito da shi kan katako, ya danna, ta tashi garau. Ya sake mayarwa, ta mutu. Jama'a suka fara raka shi da murya, in ya fito da ita su ce alhamdu lillahi, in ya mayar su ce inna lillahi.

Usmanu ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Auta, kai dai ba ka taɓa lodi ba. Awa saniya ce, halinsu ɗaya! Saniyar da taka tafiya lafiya a ƙasa, in ta hau mota ta yi ta harbi, ba ita aka duka ba. Sauka aka yi da ita a shafa dandamalin motar. Ƙusa ce ta fito tana sukar ta. Amma ku masu boko sai ku tsaya kuna auna saniyar da mita."

Armiya'u bai yi boko ba, amma bai tsaya gyara wannan ba. Ya sa tafin hannu ya shafa ƙasan akwatin, ƙafafun tagulla suka gogi fatarsa. Ya ɗauki fanel ya riƙe shi a samansu, ya sunkuya yana leƙawa ta ramuka. Ta kowane rami yana hango tagulla. Sai ya leƙa ta gefe, ya ga ƙafa ɗaya a tsaye a inda sabon fanel ba shi da rami ko kaɗan. Ta tsohon fanel ce. Ya kifa fanel ɗin, ga ɗan tabo mai ƙyalli a tsakiyar ɗigon dalma, daidai inda kanta ke dannawa tana haɗa wuta da jikin akwati. Notin da ya saura ran farko nata ne. Ya zo ya faɗa masa gaskiya, shi kuwa ya nema masa aiki a bayan gida.

Ya kwance ƙafar. Ya juya akwatin ya kwance notin ma. Ya mayar da fanel, ya haɗa faifan ajiya da sauran wayoyi, ya rufe, ya danna.

Tit.

Kwamfutar ta yi 'yan tambayoyi irin na wanda ya farka a baƙon ɗaki, ya ba ta amsa, ta buɗe. Katunan Hajiya duk suna nan. Ta matso da kujera, ta nemi hoton da ya rage a ciki na wani ɗan takara, ta danna da yatsa ɗaya. Fuskar ta bayyana gaba ɗaya a lokaci guda, har ta fi yadda ake buƙata. Na bakin ƙofa suka ja da baya, sannan kabbara ta tashi, mai shayi yana cewa dama shi ya san sanyi ne.

Saura abu ɗaya. Armiya'u ya dubi murfin kwano, ga ƙafa ga noti a kwance. Ya ɗauka da hannu biyu ya miƙa gaban Hajiya, a gaban mutanen Ƙaura, abin da bai taɓa yi ba tun da ya fara riƙe sukudireba.

"Hajiya, an samu saura."

"Sata ka yi?"

"A'a. Su ne suka hana ta tashi."

Ta ɗaga ƙafar tagullar ta juya ta a haske. "Na sha korar yaro ɗaya aji ya zauna lafiya," in ji ta, ta jefa a aljihun tebur. Sannan ta juya wajen Usmanu. "Alhaji, na ji an ce da mota ka zo. In ka tafi da shi, wa zai riƙa duba min ita?"

Usmanu ya kaɗe hularsa ya sa. Ya dubi allon, ya dubi jama'a, ya ga duk shi suke kallo, wasu ma suna nuna shi da baki suna maimaita maganar ƙusa.

"Hajiya, ai kin gani da idonki wa ya gyara ta."

"Na gani."

"To, sana'ar da nika da hannu a ciki ba ni rufe ta. Ya zauna ya riƙe mana wurin. In abu ya gagare shi, ya jira ni." Ya nuna ƙanensa da yatsa. "Kai kuma Auta, ka riƙa shafa dandamali."

"To, Yaya."

Motar ta tafi Badarawa da tabarma a shimfiɗe, ba kowa a kai. Gonar, Usmanu ya ba 'ya'yan baffansu suka noma, kuma an ce ba ta yi kewar Armiya'u ba. Saude ta zuba gero a buhunan da ta wanke.

Kafin zaɓe fuskokin da suka fita daga shagon Hajiya sun rufe bangon kasuwa, har da ta Isah, wanda ya dawo ya ce na Gusau sun rage masa haske. Usmanu kuwa ya kai labarin kasuwar Shinkafi, daga can ya bazu zuwa Zurmi. Makarantu da ofisoshi da masu shaguna suka fara aiko da kwamfutocinsu a bayan mota, an naɗe su da bargo, ana tambayar rumfar ƙanen dillalin nan da ya iya kwamfuta. Armiya'u ya karɓa ya gyara, kowace a kan katako tukuna kafin ta koma akwati. Ya kama shago mai ƙofar ƙarfe, ya sa aka rubuta sunansa a sama.

Labarin yana ƙara girma a bakin Usmanu kowace shekara. A yadda yake ba da shi yanzu, shi ya karɓi sukudireba ya kwance ƙafar da hannunsa, Armiya'u fitila kawai ya riƙe masa. An sha tambayar Armiya'u ko haka aka yi. Yakan ce Yaya ya fi shi riƙe labari. Damina kuwa tana zuwa tana wucewa, shi yana Ƙaura.